Yadda ake gina manhaja a Linux a kan laburaren da ka gina da hannunka

Duk wanda ya taɓa gina manhaja daga tushenta a Linux ya san inda gizo ke saƙar. Manhajar da kake so tana neman sabuwar sigar wani laburare, wato tarin lambar kwamfuta da manhajoji ke aro su yi aiki da shi, wanda ke kan kwamfutarka kuwa tsoho ne, kuma apt ko dnf, masu girke manhajoji a tsarin, ba su da sabon. Sai ka sauko da tushen laburaren, ka gina shi, ka girke, komai lafiya. Ka dawo kan manhajar, ita ma ta ginu ba gardama. Kana kunna ta sai ta ce ita ba ta ga wani sabon laburare ba. Ko kuma, wanda ya fi wannan muni, ta yi shiru ta ci gaba da aiki da tsohon, kai kana can kana zaton an gama.

Zan bi da kai ta misali guda na gaske, don kada maganar ta zama ta iska. Ubuntu 22.04 tana zuwa da OpenSSL 3.0.2, laburaren ɓoye bayanan sadarwa, da curl 7.81.0, manhajar sauko da bayanai daga intanet. A watan Afrilun 2025 aka fitar da OpenSSL 3.5, wadda za a ci gaba da kula da ita har 2030, kuma ita ce ta zo da ML-KEM, sabuwar hanyar musayar makulli da aka tsara don ta jure wa kwamfutocin kwantam. A ce kana son curl da ke tafiya a kan wannan sigar, ba tare da ka taɓa OpenSSL ɗin da sauran tsarin ke dogaro da shi ba. Abin da za mu yi ke nan. Dabarar ɗaya ce ko da laburarenka zlib ne, ko SQLite, ko libpng.

Sau uku ake neman laburare

Kafin ka buga umarni ko ɗaya, riƙe wannan, don kusan duk rikicin da za ka gamu da shi daga nan yake tasowa. Ba sau ɗaya ake neman laburarenka ba, sau uku ne, kuma masu neman ba sa tambayar juna.

Na farko shi ne configure, ko CMake, ko Meson, lokacin da yake binciken abin da ke kan kwamfutar. Galibi pkg-config yake tambaya, shi kuma ya duba ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .pc. Na biyu shi ne lokacin ginin kansa: gcc yana neman fayilolin .h ta hanyar -I, mahaɗin ld kuma yana neman fayil ɗin .so ta hanyar -L. Na uku shi ne ld.so, wanda ke ɗora laburare a duk lokacin da aka kunna manhajar, yau ko bayan shekara. Shi wannan na ukun bai san abin da ka gaya wa biyun farko ba, kuma bai damu ba. Yana da tasa hanyar bincike dabam.

Mutane da yawa suna gamsar da na farko da na biyu, su manta da na uku. Shi ya sa gini ke yin kyau amma kunnawa ta ƙi.

Mataki na 1: zaɓi gida na dabam

Idan ba ka faɗi inda za a girke ba, kusan kowace manhaja /usr/local take nufa. Ga ƙaramar manhaja da ba wanda ya dogara da ita, wannan ba laifi. Ga laburare irin OpenSSL, ni ban yarda da shi ba. A Debian da Ubuntu, /usr/local/lib yana cikin jerin wuraren da ldconfig, mai rubuta wa ld.so jerin laburarorin tsarin, ke tattarawa, saboda haka duk abin da ka zuba a can, da zarar an gudanar da ldconfig, tsarin gaba ɗaya yana iya komawa kansa. Kuma sunan da ake kiran laburaren da shi bai canza ba tsakanin 3.0 da 3.5: duka biyun libssl.so.3 da libcrypto.so.3 ne. Ma'ana sshd, mai karɓar shiga kwamfuta daga nesa, da Python na tsarin za su iya wayar gari suna aiki da naka ba tare da ka nufa ba. Idan saba (server) ce mai nisa, kuma ginin naka yana da matsala, ƙofar da kake shiga ta ce ka yi wa wasa. A Fedora da danginta kuwa akasin haka ne: /usr/local/lib ba ya cikin jerin, don haka za ka girke amma ba za a gani ba.

Maganar --prefix=/usr ma ba ta taso ba. Wannan gonar apt ce, duk abin da ka shuka a can sabuntawa ta gaba za ta nome shi, ko shi ya lalata mata nata.

Mu za mu yi amfani da /opt/namu:

```
sudo install -d -o "$USER" /opt/namu
mkdir -p ~/gini && cd ~/gini
```

Lura da cewa na mallaka wa kaina foldar. Dalili shi ne kada in buƙaci sudo wajen make install. Idan wani Makefile ya yi ƙoƙarin rubuta abu a /usr ko /etc a ɓoye, zai ci karo da rashin izini ya tsaya, ni kuma in gani. Bayan an gama komai sai a mayar wa root da foldar. Wanda ba shi da ikon root kwata-kwata, ya yi amfani da folda a cikin gidansa, misali $HOME/namu, sauran matakan duk ɗaya ne.

Kada ka sa cikakkiyar lambar siga a sunan foldar, kamar /opt/openssl-3.5.0. Wannan hanyar za ta shiga cikin jikin manhajojin da ka gina, kuma ranar da ka sabunta zuwa 3.5.1 sai ka sake gina su duka.

Mataki na 2: kayan aiki

```
sudo apt install build-essential pkg-config perl \
  zlib1g-dev libnghttp2-dev libpsl-dev ca-certificates
```

Ƙa'idata ita ce: abin da kawai ya zama dole nake ginawa da hannu, sauran duk daga apt. Kowane laburare da ka gina da kanka ɗawainiya ce da ka ɗora wa kanka. Nan OpenSSL kaɗai muke buƙata sabo, don haka zlib da nghttp2 da libpsl na tsarin sun wadatar. Sababbin sigogin curl suna ƙin wucewa idan ba su ga libpsl ba, sai dai ka ce musu --without-libpsl.

Akwai gajeriyar hanya, wato sudo apt build-dep curl, wadda ke kwaso duk abin da Ubuntu ke amfani da shi wajen gina nata curl ɗin, muddin ka buɗe layukan deb-src. Tana da amfani, amma ka sani cewa za ta kawo libssl-dev, wato fayilolin .h na tsohon OpenSSL, kishiyar naka ke nan ta tare a gidan. Ba ya hana aiki, sai dai yana ƙara wajabta binciken da za mu yi a gaba. A Fedora da CentOS, ginin OpenSSL 3 yana neman wani ɓangaren Perl da ake girkewa da sunan perl-IPC-Cmd.

Mataki na 3: gina laburaren

Sauko da tushen OpenSSL daga shafinsu na hukuma, ka ɗauki sabuwar fitowa a jerin 3.5, tare da fayil ɗin sha256 da ke gefenta. Gudanar da sha256sum a kan abin da ka sauko, ka gwada lambar da tasu. Minti ɗaya ne, kuma laburaren tsaro ne kake shirin ginawa.

```
tar xf openssl-3.5.*.tar.gz
cd openssl-3.5.*/
./Configure --prefix=/opt/namu --openssldir=/opt/namu/ssl \
  --libdir=lib '-Wl,-rpath,$(LIBRPATH)'
make -j"$(nproc)"
make test
make install_sw install_ssldirs
```

Abubuwa biyu a wannan layin na Configure sun cancanci a tsaya a kansu.

Na ɗaya --libdir=lib. A kwamfutoci masu x86_64, OpenSSL 3 yana zuba kayansa a lib64 idan ba ka hana shi ba. Manhajoji da yawa kuwa, idan ka nuna musu folda, lib suke leƙawa. Wannan ɗan bambancin ya cinye wa mutane awanni, musamman masu gina Python. Meson ma yana da irin wannan hali: a Debian yakan zaɓi lib/x86_64-linux-gnu. Tilasta wa kowa ya zuba a lib tun daga farko, ka huta.

Na biyu shi ne -rpath. Wannan ne ke rubuta hanyar /opt/namu/lib a cikin jikin fayilolin da aka gina, don ld.so ya san inda zai duba. Alamomin zance guda-guda da ke kewaye da shi ba ado ba ne. Suna hana bash taɓa $(LIBRPATH), don make ne ya kamata ya fassara shi.

make test yana ɗaukar lokaci, amma ban ba ka shawarar tsallake shi ba. Idan ta ssh kake aiki kuma intanet na yawan yankewa, shiga tmux kafin ka fara, don ginin ya ci gaba ko ka faɗo. Idan wuta ce aka ɗauke a tsakiya, sake buga make zai ɗora daga inda ya tsaya, amma idan ya fara kawo kurakurai marasa kan gado, wataƙila wani fayil ne ya rubutu rabi, sai ka yi make clean ka sake. install_sw yana girke manhajar ba tare da tulin takardun bayani ba.

Yanzu duba aikinka kafin ka matsa:

```
/opt/namu/bin/openssl version
readelf -d /opt/namu/bin/openssl | grep -E 'RPATH|RUNPATH'
ldd /opt/namu/bin/openssl
```

A sakamakon ldd, libssl.so.3 da libcrypto.so.3 su nuna /opt/namu/lib. Idan ka ga /lib/x86_64-linux-gnu a gabansu, rpath bai shiga ba, kuma da alama umarnin farko ma ya riga ya yi maka ƙorafin cewa bai sami wata siga irin OPENSSL_3.2.0 a cikin laburaren ba. Wannan saƙon fassararsa ɗaya ce: sabuwar manhaja ta ɗauko tsohon laburare.

Sai maganar takardun shaida, waɗanda ake tabbatar da sahihancin shafukan https da su. Sabon OpenSSL ɗinka bai san kowace hukumar shaida ba, foldarsa ta ssl fanko ce. Nuna masa na tsarin:

```
ln -s /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt /opt/namu/ssl/cert.pem
```

A Fedora fayil ɗin yana /etc/pki/tls/certs/ca-bundle.crt. curl yakan gano na tsarin da kansa lokacin configure, amma Python da makamantansa da OpenSSL suke dogara, kuma idan ka manta da wannan za su riƙa ƙin kowane shafin https suna cewa shaidar ba ta inganta ba.

Mataki na 4: fayil ɗin muhalli

Ƙirƙiri fayil mai suna ~/gini/muhalli.sh:

```
P=/opt/namu
export PKG_CONFIG_PATH="$P/lib/pkgconfig:$P/share/pkgconfig"
export CPPFLAGS="-I$P/include"
export LDFLAGS="-L$P/lib -Wl,-rpath,$P/lib"
export PATH="$P/bin:$PATH"
```

Layukan nan, ban da na P da na PATH, suna magana da masu neman nan uku. PKG_CONFIG_PATH na configure ne. CPPFLAGS da -L na gcc da ld ne. -rpath kuma saƙo ne da ake bar wa ld.so a cikin manhajar. Za ka ɗora shi da source ~/gini/muhalli.sh a taminal ɗin da kake gini kaɗai. Kada ka kwafe shi cikin .bashrc. Bayan wata shida za ka manta da shi, ka zo gina wani abu dabam, ya manne da /opt/namu ba ka sani ba.

Tambayi pkg-config abin da yake gani:

```
source ~/gini/muhalli.sh
pkg-config --modversion openssl
pkg-config --cflags --libs openssl
```

Na farko ya ce 3.5 da wani abu. Na biyu ya fito da -I/opt/namu/include da -L/opt/namu/lib. Idan -lssl -lcrypto kawai ka gani babu wata hanya a gabansu, na tsarin yake ba ka, don pkg-config ba ya ambaton hanyoyin da gcc ya riga ya sani. PKG_CONFIG_PATH ƙari yake yi a gaban wuraren da aka saba dubawa. Akwai ɗan'uwansa PKG_CONFIG_LIBDIR wanda ke maye gurbinsu gaba ɗaya, amma da shi nghttp2 da libpsl na tsarin za su ɓace maka, don haka ba shi muke so a nan ba.

Mataki na 5: gina manhajar a kansa

```
cd ~/gini
tar xf curl-8.*.tar.xz
cd curl-8.*/
./configure --prefix=/opt/namu --with-openssl=/opt/namu
grep -n 'opt/namu' config.log | head
make -j"$(nproc)"
make install
```

Tun daga siga ta 7.77.0, curl ba ya zaɓar laburaren TLS, wato na ɓoye sadarwar https, da kansa, sai ka faɗa masa. Idan manhaja tana da irin wannan zaɓi na --with-wani-abu, yi amfani da shi ko da ka riga ka saita pkg-config. ./configure --help zai nuna maka su. Taƙaitaccen bayanin da configure ke bugawa a ƙarshe zai ce an kunna OpenSSL, amma wanne? Shi ya sa muke leƙa config.log. Duk lokacin da configure ya ce bai sami abu ba alhali ka san yana nan, amsar tana cikin wannan fayil ɗin: nemi sunan laburaren, za ka ga ainihin umarnin gcc da ya gwada da kuskuren da ya samu.

Mafi sharrin yanayi shi ne gauraye: fayilolin .h na tsarin, laburare kuma naka, ko akasin haka. Wani lokaci ginin yakan wuce lafiya, sai daga baya manhajar ta riƙa faɗuwa ba dalili. Yana faruwa ne idan ka ba da -L ka manta da -I.

Idan manhajarka da CMake ake gina ta, ga kwatankwacinsa:

```
cmake -S . -B build -DCMAKE_INSTALL_PREFIX=/opt/namu \
  -DCMAKE_PREFIX_PATH=/opt/namu \
  -DCMAKE_INSTALL_LIBDIR=lib \
  -DCMAKE_INSTALL_RPATH=/opt/namu/lib
```

CMake yana da halaye biyu da ke ruɗa baƙo. Yana sa rpath nasa lokacin gini, don haka manhajar tana aiki a cikin foldar build, amma wajen girkewa sai ya cire shi, sai dai idan ka ba shi CMAKE_INSTALL_RPATH. Sannan yana haddace abin da ya gano a CMakeCache.txt. Idan ya riga ya ga tsohon laburare a gwajin farko, gyara hanya ba zai sa ya sake dubawa ba. Goge foldar build ka fara sabo. Ga OpenSSL musamman akwai -DOPENSSL_ROOT_DIR. A Meson kuwa --prefix da --libdir=lib ne, kuma yana karanta PKG_CONFIG_PATH a lokacin setup na farko.

Python, daga 3.10 zuwa sama, ba ya karɓar OpenSSL da bai kai 1.1.1 ba. Wannan ne ya sa masu tsofaffin sabobin CentOS 7, wadda ta zo da 1.0.2, suka riƙa samun Python da pip ɗinsa ba ya iya sauko da komai. Maganinsa --with-openssl=/opt/namu tare da --with-openssl-rpath=auto.

Mataki na 6: tabbatar da wanda ake ɗorawa

Buɗe sabon taminal, wanda ba ka ɗora muhalli.sh a cikinsa ba. Wannan shi ne gwajin gaskiya, domin a irin wannan yanayin ne cron ko systemd, masu kunna manhajoji da kansu, za su kunna manhajar.

```
/opt/namu/bin/curl -V
ldd /opt/namu/bin/curl | grep -E 'ssl|crypto|curl'
```

Layin farko na curl -V ya nuna OpenSSL/3.5, kuma lambar curl da ta libcurl su zama ɗaya. Idan sun bambanta, sabon curl ne ya ɗauko libcurl.so.4 na Ubuntu, kuma shi da kansa zai gargaɗe ka. Idan komai daidai ne, curl -v zuwa sabar da ke goyon bayan sabon tsarin zai nuna X25519MLKEM768 a layin da ke bayanin haɗin TLS.

Ga jerin da ld.so ke bi, don ka san wa ke rinjayar wa. Yana fara duba RPATH, idan fayil ɗin ba shi da RUNPATH. Sai LD_LIBRARY_PATH. Sai RUNPATH. Sai /etc/ld.so.cache da ldconfig ke rubutawa. Daga ƙarshe foldodin tsarin. Umarnin -rpath ɗaya ne, amma ko RPATH zai rubuta ko RUNPATH ya danganta da yadda aka saita mahaɗin, kuma a Ubuntu RUNPATH za ka gani.

Bambancin da ke cizo shi ne wannan: RUNPATH ba ya gado. RUNPATH na curl yana taimakawa wajen nemo abin da curl kansa ya nema kai tsaye, wato libcurl. Amma libssl, libcurl ne ke nemansa, don haka dole libcurl ya kasance da nasa RUNPATH. Mu mun tsira saboda LDFLAGS ya shafi duk abin da aka haɗa a ginin. Wanda ya sa rpath a kan manhajar ƙarshe kaɗai zai ga rabin laburarorin daga /opt, rabi daga tsarin. Duba kowanne da readelf -d, kada ka tsaya kan na sama.

Idan abin ya ƙi fahimtuwa, sa ld.so ya faɗi duk inda ya leƙa:

```
LD_DEBUG=libs /opt/namu/bin/curl -V 2>&1 | less
```

Idan kuma ka riga ka gina abu mai cin awanni ka tarar babu rpath, ba sai ka sake ba. patchelf --set-rpath /opt/namu/lib zai rubuta shi a kan fayil ɗin da ke nan. Wanda ke son foldar ta zama mai ɗaukuwa daga wuri zuwa wuri yana iya sa '$ORIGIN/../lib' a matsayin hanyar, ma'ana a duba daga inda manhajar take zaune. Wajen wuce da alamar dalar nan ta cikin bash da make ne ake shan wahala, shi ya sa na fi son sa ta da patchelf bayan gini.

Za ka ga ana yawan cewa a sa LD_LIBRARY_PATH a wuce wurin. Don gwaji na minti biyar, babu laifi. A matsayin mafita ta dindindin, ina ƙinsa. Yana bin duk wata manhaja da aka kunna daga wannan taminal ɗin, har da waɗanda ba ruwansu, kuma sudo yana share shi, don haka abin da ya yi aiki a hannunka zai ƙi a hannun root. Zuba /opt/namu/lib cikin /etc/ld.so.conf.d kuwa ya mayar da mu matsalar /usr/local da muka gudu tun farko. Yana da kyau ne kawai ga laburaren da tsarin ba shi da irinsa sam.

Ƙaramin gargaɗi: ldd yana iya kunna abin da kake bincika, don haka kada ka gudanar da shi a kan fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba. readelf -d karantawa kawai yake yi.

Da ka gamsu, sai ka rufe ƙofa: sudo chown -R root:root /opt/namu.

Mataki na 7: sanar da mai kula da kunshi

Har yanzu dpkg, mai kula da kunshi a Debian da Ubuntu, bai san da /opt/namu ba. A kwamfuta ɗaya wannan ba damuwa ba ne, tunda cirewa goge folda ce kawai. Idan sabobi biyar ne, ko kana son haɗa manhajar ta zama kunshin .deb, to laburaren ma ya zama kunshi. Hanya mafi sauƙi ita ce DESTDIR, wanda ke girkewa a wata folda ta wucin gadi amma hanyoyin da ke jikin fayilolin su ci gaba da nuna /opt/namu. Daga cikin foldar tushen OpenSSL:

```
make DESTDIR="$HOME/gini/kunshi" install_sw install_ssldirs
mkdir ~/gini/kunshi/DEBIAN
```

A cikin DEBIAN ka rubuta fayil mai suna control:

```
Package: namu-openssl
Version: 3.5.0-1
Architecture: amd64
Maintainer: mai gida <root@localhost>
Description: OpenSSL 3.5 a /opt/namu
```

Gyara lambar ta dace da sigar da ka gina, sannan dpkg-deb --root-owner-group --build ~/gini/kunshi. Ba shi suna nasa na dabam. Idan ka kira shi openssl ko libssl3, apt zai ɗauka sabunta nasa kake yi, ya cire na tsarin.

Lokacin da ka zo haɗa curl ɗinka da kayan aikin Debian, dpkg-shlibdeps zai iya tsayawa ya ce bai sami bayanin dogaro na /opt/namu/lib/libssl.so.3 ba. Yana nufin bai san kunshin da zai rubuta a matsayin abin dogaro ba. Gaya masa a debian/shlibs.local:

```
libssl 3 namu-openssl (>= 3.5.0)
libcrypto 3 namu-openssl (>= 3.5.0)
```

Akwai --ignore-missing-info da ke rufe masa baki, amma sakamakonsa kunshi ne da zai girku a kwamfutar da babu laburarenka. A can ld.so zai duba /opt/namu/lib bai ga komai ba, ya gangara ya ɗauki libssl.so.3 na tsarin.

Wani lokaci matsalar ta juye: apt ne ke dagewa sai ya girko wani kunshi alhali ka riga ka gina abin da hannu. equivs yana ƙera kunshin wofi mai ɗauke da sunan kawai, don apt ya yi shiru. Ƙarya ce kake yi wa apt, kuma tana tafiya ne kawai idan abin da ka gina yana inda manhajojin za su same shi. Ga abin da ke ɓoye a /opt ba ta da amfani. A Arch, layukan provides da conflicts na PKGBUILD ne ke wannan aikin, a RPM kuma Provides a fayil ɗin spec. Wanda ya nace sai /usr/local, aƙalla ya bi ta GNU Stow: kowace manhaja a foldarta ƙarƙashin /usr/local/stow, stow ya shimfiɗa mahaɗai, stow -D ya kwashe su.

Ranar sabuntawa

apt upgrade ba zai taɓa /opt/namu ba. Ranar da aka sanar da wata ɓaraka a OpenSSL, Ubuntu za ta gyara nata, naka kuwa yana nan yadda ka bar shi sai ka tashi. Saboda haka rubuta duk umarnan da ke sama a fayil guda, gina.sh, da lambobin siga a samansa, ka ajiye a git, ka kuma yi rajista da jerin sanarwar OpenSSL ta imel.

Daga 3.5.0 zuwa wata 3.5 ta gaba, sake gina OpenSSL kaɗai ya isa, tunda sunan libssl.so.3 da hanyarsa ba su canza ba, curl zai ɗauki sabon a kunnawa ta gaba. Manhajojin da ke gudana tun kafin sabuntawar suna riƙe da tsohon a ƙwaƙwalwa har sai an sake kunna su, kuma sudo lsof | grep 'DEL.*opt/namu' zai nuna maka su. Idan da no-shared ka gina OpenSSL, wato laburaren ya narke cikin jikin curl, to babu wannan sauƙin: kowane gyara sai ka sake gina curl ɗin ma. Ranar da lambar da ke bayan .so ta canza kuwa, duk abin da ke /opt/namu da ya dogara da shi sai an sake gina shi, kuma readelf -d tare da grep NEEDED a kan fayilolin bin da lib zai ba ka sunayensu.